Ƙofar Da Na Sassaƙa Wa Kaina

Jama'a, kafin in tsunduma cikin zance, bari in nemi gafarar malamaina da 'yan'uwana ɗalibai masu nazarin harshe, domin ni ɗan sashen kimiyyar kwamfuta ne, kuma labarin da zan kawo na aikin kammala digirina ne. In kun ga na yi tuntuɓe a nahawu, ku ɗauke ni baƙon da ya shigo zaure ya zauna a bakin tabarma.

Abin ya samo asali ne tun ran 5 ga watan Yuni na 2021, lokacin da aka dakatar da Twitter a Nijeriya, ba a kuwa buɗe shi ba sai ran 13 ga Janairun 2022. Ba zan shiga batun wa ke da gaskiya ba, wannan na masana siyasa ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ashe duk hirar nan da muke yi, mu miliyoyi, ta ƙofa ɗaya take bi, wanda ya riƙe ƙofar kuwa ya riƙe bakin kowa. Ana nan sai Elon Musk ya saye kamfanin a Oktoban 2022 kan dala biliyan 44, a Janairun 2023 kuma aka toshe manhajojin da wasu mutane dabam suka rubuta don shiga dandalin, irin su Tweetbot da Twitterrific. Masu su sun shekara da shekaru suna gini, aka wayi gari ginin ba ƙofa.

A wannan tsakani ne na san Mastodon, wanda wani matashi a Jamus, Eugen Rochko, ya fitar a 2016. Shi ba gida ɗaya ba ne. Dubban manyan kwamfutoci ne, waɗanda ake kira saba, kowace da mai ita da dokokinta, kamar dai garuruwa kowane da dagacinsa. Abin da ya haɗa su shi ne wata ƙa'idar aika saƙo mai suna ActivityPub, wadda hukumar W3C ta amince da ita a Janairun 2018. Mutumin da ya yi rajista a saba ta Faransa yana iya bin wanda ke saba ta Japan, yadda mai akwatin gidan waya a Zariya ke samun wasiƙa daga Kumasi. Pixelfed na hotuna da PeerTube na bidiyo duk wannan yaren suke ji. Na zaɓi wata 'yar ƙaramar saba da wani bawan Allah ke gudanarwa shi kaɗai a Turai, na tare a can.

To, me ya kai ni rubuta manhaja? Talauci ne, ba wani abu ba. Kwamfutar da nake aiki da ita gadon yayana ce, ram ɗinta gigabayit 4, batirinta kuwa in an ɗauke wuta bai fi ya kai ka sallar la'asar daga azahar ba. Da yawa daga manhajojin kwamfuta na zamanin nan da Electron ake gina su, wato kowace tana ɗauke da cikakkiyar burauzar Chromium a cikinta. Wannan dabara tana da amfaninta, don mai rubutu zai yi aiki ɗaya ya hau Windows da Mac da Linux. Amma ga mai tsohuwar na'ura irina, kamar ka aiki yaro sayen gishiri ne ya tafi da amalanke. Ɗaya hanyar ita ce a gina manhajar da kayan da tsarin kwamfutar ya tanada tun asali, ta zama 'yar gida, mara nauyi. Akwai waɗanda suka riga ni, kamar Tuba da aka gina da GTK, da Tokodon na mutanen KDE da aka gina da Qt. Na karanta aikinsu, na ce ni ma zan gwada tawa da yaren C da GTK 4.

Da na kai wa malamin da ke duba aikina, sai ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Kai samari, kowa na rubuta ta waya, kai ka koma ta tebur? Wa zai yi amfani da ita?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ko ba kowa, ni zan yi." Ya yi dariya ya sa hannu, amma ya gargaɗe ni cewa in ba ta tashi ba ranar jarrabawa, shekara ce zan maimaita.

Wahalar farko ita ce ta shiga. A dandali mai gida ɗaya, sau ɗaya manhaja ke yin rajista. A nan kuwa dole ta gabatar da kanta ga kowace saba dabam, ta karɓi shaida, sannan ta tura mutum burauza ya ba da izini, a miƙo mata wani dogon mabuɗi. Mako biyu mabuɗin nan nawa yana ajiye a fili cikin wani fayil da kowa zai iya buɗewa, sai da abokin ɗakina ya karanto mini shi da baki yana murmushi, sannan na koyi sa shi a ma'ajiyar sirri ta tsarin. Wannan dai sakaci ne, ya wuce.

Wadda ba zan manta ba ita ce ta haruffa masu lanƙwasa. Mastodon, in mai saba bai canza ba, harafi 500 yake yarda a rubuta a saƙo ɗaya, saboda haka na sa ɗan ma'auni a gefe yana ƙirga abin da ya rage. Da Turanci lafiya lau. Amma duk sanda na rubuta Hausa sai ma'aunin ya cika ya hana ni aikawa alhali kuwa da sauran fili. Kwana uku ina zargin saba, ina zargin GTK, har na fara zargin kwamfutar yayana. Ashe laifina ne. A tsarin UTF-8, harafin k bayit ɗaya yake ci, amma ƙ da ɗ da ɓ kowane biyu yake ci, ni kuwa umarnin da na yi amfani da shi bayit yake ƙirgawa ba harafi ba. Wato da hannuna na rubuta manhajar da ke cin Bahaushe tara duk sanda ya rubuta harshensa daidai! Wanda ya rubuta "kasa" ya biya huɗu, wanda ya rubuta "ƙasa" ya biya biyar. Gyaran layi ɗaya ne tak, amma na daɗe zaune ina kallonsa, domin na tuna sau nawa na zagi masu manhajojin waje a kan ba su damu da mu ba, ga shi ni da na sha harshen a nono na faɗa ramin da suka faɗa. Daga ranar na ƙara 'yan maɓallai huɗu a ƙasan wurin rubutu, na ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, don wanda allon rubutunsa ba shi da su.

Akwai kuma abin da ba ni da ikon gyarawa. Wata 'yar ajinmu da na ba ta gwaji ta zo ta ce manhajata na ɓoye amsoshi, don ta ga saƙo da amsa goma a wani wuri, a tawa kuwa shida. Na yi ta bayani cewa saba ba ta nuna sai abin da ya iso gare ta, amsar da ba a aiko mata ba kuwa ba ta san da ita ba. Ta ce, "To ni ina ruwana da saba?" Gaskiyarta. Mai amfani ba ya ganin garuruwa da dagatai, taga ɗaya yake gani, kuma wanda ya sassaƙa tagar shi zai sha zagi.

Saura wata biyu jarrabawa sai mai sabarmu ya sanar cewa ya gaji, kuɗi da lokaci sun ƙare masa, zai rufe nan da wata uku. Ban ga laifinsa ba, kyauta yake yi mana. Amma a nan na gane cewa rashin sarki ɗaya ba ya nufin rashin mutuwa. Mastodon yana barin mutum ya ƙaura da mabiyansa zuwa wata saba, sai dai tsofaffin rubuce-rubucensa ba sa bin sa. A cikin nawa kuwa akwai karin magana da tatsuniyoyin da na riƙa rubutawa daga bakin kakata duk hutun da na je gida, ita kuma ta rasu a damina ta bara. Ana iya sauke kundin ajiya, na kuwa sauke, amma tarin fayil ne da ba a karantawa cikin daɗi.

Sai na ajiye duk wani ado da na yi niyyar yi wa manhajar, na koma gina mata rumbu. Na sa ta riƙa jawo saƙonnin mutum, arba'in-arba'in, domin iyakar abin da saba ke bayarwa ke nan a tambaya ɗaya, tana zubawa cikin SQLite a kan kwamfutarsa, yadda ko ba intanet zai buɗe ya karanta, ya kuma nemi kalma. Dare huɗu na yi a ɗakin karatu ina wannan, ina fakon soket kamar mai jiran layin famfo.

Ranar jarrabawa intanet ta ƙi, kamar yadda ta saba in an fi bukatarta. Malamai uku na zaune, na buɗe manhajar, sababbin saƙonni ba su zo ba, amma rumbun na nan. Malamina ya ce in nemo wani abu su gani. Na rubuta "ƙoƙo", sai ga maganar kakata ta fito, da kwanan watan da na rubuta ta. Ɗaya daga cikinsu ya tambaya ko tana hawa Windows, na ce tukuna. Ya rubuta wani abu a takardarsa.

Na ci jarrabawar, ba da wani babban maki ba. Sabar ta rufe a ranar da mai ita ya faɗa. Manhajar har yanzu ba ta iya nuna bidiyo, tana kuma mutuwa in hoto ya cika girma, masu amfani da ita kuwa mu biyar ne, har da 'yar ajin nan tamu, wadda ba ta daina ƙorafin amsoshi ba.