Rance a Cikin Gida

Bahaushe bai haɗa aro da rance da bashi a kalma ɗaya ba. Abin da aka ara, shi ɗin ake mayarwa: tsani, ko turmi, ko tabarmar zaman makoki. Abin da aka ranta kuwa, amfani ake yi da shi a mayar da madadinsa, kamar mudun gero ko kuɗi. Bashi shi ne nauyin da yake zama a wuyan mutum har ranar da ya sauke shi. Dukansu uku sun tsaya ne a kan tsammanin dawowa. Amma akwai wata bayarwa ta huɗu da harshen bai raɗa wa suna ba, wadda ake yi a cikin gida: mai karɓa ya ce rance, mai bayarwa ya amsa da rance, alhali kowannensu ya san kuɗin sun tafi ke nan. Na fi shekara goma ina irin wannan ciniki da ƙanena, autan ɗakinmu.

Adalci ne in fara da alherinsa. Da mahaifinmu ya kwanta jinyar ajali, shi ya kwana da shi a asibiti wata biyu, yana juya shi, yana wanke shi, mu kuwa sai zuwa dubiya da kwanon abinci. Ba a yin rasuwa a unguwarmu ba a gan shi a maƙabarta da diga a hannu ba. Idan yana da dubu biyu a aljihu, ya gamu da mai neman dubu ɗaya da ɗari biyar, zai bayar bai tuna da cefanen gobe ba. Wannan sakin hannun shi ne kuma cutarsa. Kuɗi ba sa kwana a wurinsa. Bai san bambanci tsakanin uwar kuɗi da riba ba, ko kuwa ya sani amma bai ɗauki bambancin da nauyi ba.

Da aka raba gado, ya sayi babur ya shiga acaɓa. A farkon 2013 aka hana haya da babur a Kano, sana'ar ta mutu a hannun dubban matasa, har da shi. Wannan ba laifinsa ba ne, shi ya sa na ranta masa jari ya kafa teburin sayar da caja da murfin waya a gefen kasuwar waya. Wata bakwai teburin ya yi, jarin ya narke a bikin abokai da bashin da ya yi ta bayarwa bai rubuta ba. Karo na biyu, kuɗin sarin albasa ne. Na uku kuwa, daga bakin matarsa na ji inda suka tafi, tana faɗa tana kallon ƙasa: cacar ƙwallo a waya.

Ni malamar makaranta ce, kuma ba ni da wata taska sai adashi. Mu goma ne a wurin aiki, kowa na zuba naira 30,000 a wata, mai kwasa ta ɗauki 300,000. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, litar mai ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na masara suka bi ta, zubin nan ya zama sai an tsuke ciki. Kwasata ta bara na ware ta ne domin kuɗin makarantar babbar 'yata da kuma gyaran rufin ɗaki kafin damina. Saura mako biyu in kwasa ya zo. Ya ce ya samu mai ba da Adaidaita Sahu a biya kaɗan-kaɗan, kuɗin kafin alƙalami kawai ake nema, kuma adadin da ya ambata ya yi daidai da kwasata, ba ƙari ba ragi.

"Yaya, wannan karon daban ne," in ji shi. "Wallahi wata shida na ba ki, ki ga kuɗinki."

Ba ƙarya yake yi ba, kuma nan ne wahalar take. A lokacin da yake rantsuwa ya gaskata kansa. Maƙaryaci yana da sauƙin hanawa. Wanda ya yi imani da alkawarin da ba zai iya cikawa ba, shi ne ke ɗaure wa mutum hannu.

Washegari Inna ta aiko a kira ni. Ba ta ce in bayar ba, ba ta kuma ce in hana ba. Ta dai tuna mini cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, sannan ta ce mai gidan da yake haya ya ba shi wa'adi, ga 'ya'ya uku. Na fito daga ɗakinta da hujjoji biyu suna ja-in-ja a zuciyata, kowacce da gaskiyarta. Idan na hana, wataƙila na rufe masa ƙofar da ita ce ta ƙarshe, domin mutum yakan shiryu a karo na huɗu bayan ya ɓata uku. Idan na bayar, na ɗauki haƙƙin 'yata, wadda ba ta ɓarnatar da komai ba, na miƙa wa wanda ya ɓarnatar sau uku. Ana yawan cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, sai dai ba kowa ba ne ake yanka hanjin wani domin a cika nasa.

Abin da ya warware mini ƙullin, karatun da muka yi tun muna Islamiyya ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take: a rubuta shi, a sa masa wa'adi, a kafa shaidu. Ba ta cire 'yan'uwan jini daga ciki ba. Aya ta 280 ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin matsi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Sannan aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana a danƙa dukiya a hannun wanda bai san tattalinta ba, amma a wuri guda ta ce a ciyar da shi, a tufatar da shi, a gaya masa magana mai daɗi. Daga irin wannan ne malaman fiƙihu, har da na mazhabar Malikiyya da muke bi, suka fitar da hukuncin da ya ba alƙali ikon hana almubazzari sarrafa dukiyarsa. Na lura ayar ta raba abu biyu da mu muke cakuɗawa: kula da mutum daban, damƙa masa kuɗi daban.

A kan haka na tsayar da shawara. Na je da ƙafata wurin mai gidan na biya hayar wata shida, na karɓi rasit. Na aika wa matarsa da rabin buhun masara. Waɗannan na kira su da sunansu na gaskiya, kyauta, na kuma gaya masa ba na bin sa ko kwabo a kansu. Na ƙara da cewa bashin baya guda uku na yafe, kada ya sake sunkuyar da kai idan mun haɗu a gidan Inna. Ragowar kuɗin na biya wa 'yata makaranta. Rufin ɗaki ya sha wata daminar da bokiti a ƙarƙashinsa.

Batun Adaidaita Sahu kuwa, na gindaya sharaɗi a gaban Kawunmu. Ya karɓi na wani ya ja a kan balas, kamar yadda dubban direbobi ke yi a Kano: ya kai wa mai shi kuɗinsa kullum, abin da ya saura ya ajiye wani abu a wurin Kawu. Ranar da ajiyar ta kai rabin kuɗin kafin alƙalami, ni zan ranta masa ɗaya rabin, a rubuce, da wa'adi, da shaidu biyu.

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Yaya, ni za ki rubuta wa takarda kamar bare?"

Na ce masa bare ba na biya masa haya. Ya tashi ya fita bai yi sallama ba. Wata uku bai taka gidana ba, har ƙaramar Salla ta zo ta wuce, sai yaran aka aiko mini da tuwon Salla. Wasu daga cikin dangi suka ce boko ya busar mini da zuciya. Wata gwaggonmu ta ce da mahaifinmu na raye da ban yi haka ba. Maganar ta yi mini zafi, domin shi ne ya kwana da mahaifin namu, ba ni ba. Na sha kwana ina auna wata biyun nan nasa da 300,000 ɗina, ma'aunin kuma bai taɓa rinjaya wajena ba. Sai dai bashin jinya ba a biyan sa da kuɗin makarantar yarinya. Wani irin bashi ne da zan mutu ina biya da ziyara da haƙuri da rufin asiri.

Abin da na gani a gidaje da yawa shi ne, rancen da ba a kira da sunansa ba ya fi hani ɓata zumunci. Mai bayarwa yana ƙirgawa a zuci bai furta ba. Mai karɓa yana sauya hanya idan ya hango shi. A taron suna ana gaisawa da baki, idanu ba sa haɗuwa. Fushin wanda aka hana yana da wa'adi, amma kunyar wanda ake bi bashi tana girma ne kullum, har ta kai shi ga ƙin wanda ya taimake shi.

A wata na huɗu Kawu ya kira ni ya nuna mini wani ɗan littafi. Ƙanena ya fara jan na wani maƙwabcinsu. A shafukan akwai ranakun da aka rubuta 1,500, akwai na 2,000, akwai kuma mako biyu cur da ba a rubuta komai ba, sannan lissafin ya ci gaba. Har yau ajiyar ba ta kai rabin ba, kuma yana gaishe ni ne a taƙaice. Kwasata ta bana saura wata biyu. Takardar rancen tana wurin Kawu, an rubuta adadi da wa'adi, an bar gurbin sa hannu huɗu: nawa, da nasa, da na shaidu biyu.