Sabis a cike, shafi ya ƙi buɗewa

Ɗan'uwa, mu a Birnin Gwari tun da aka katse layukan waya a 2021 saboda 'yan bindiga, da shafi ya ƙi buɗewa sai gabanmu ya faɗi. Amma ba kullum sabis ne ke ɗaukewa ba. Intanet da lamba take aiki, DNS ne ke juya sunan shafi ya koma lamba. In Chrome ya nuna maka ERR_NAME_NOT_RESOLVED, to nan matsalar take. Fara duba ko ka rubuta sunan daidai. Kunna Airplane mode, ka kashe. In ya ƙi, shiga Settings, nemi Private DNS, rubuta dns.google, ka adana. Ni sai na gama waɗannan kafin in yarda in hau mashin in bi hanyar daji neman sabis.