Kiwon Aladu a Tsaunukan Andalus

Masallacin Almonaster ne ya kai ni tsaunukan Aracena, kudu maso yammacin Sifaniya. Musulmin Andalus suka gina shi fiye da shekara 1,000 da suka wuce, yana nan tsaye kan tudu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai filin da ke kewaye da garin ne, wanda suke kira dehesa: ciyawa iya ganinka, da manyan itatuwa tsilli-tsilli, ga baƙaƙen aladu masu siraran ƙafafu suna kiwo a sake, babu turke babu akurki.

Ni Musulmi ne, mutumin Daura, naman nan haramun ne a gare ni, ban kusance shi ba. Tsarin kiwon ne ya ba ni mamaki. Daga Oktoba zuwa wajen Fabrairu itatuwan nan kan zubar da wasu 'ya'ya masu maiƙo da ake kira bellota. Alade ya ɗauki ƙwaya, ya ɓare ta da baki, ya tofar da ɓawon, ya haɗiye tsokar, haka zai yini yana yawo daga gindin itace zuwa wani. Na ga wani dattijo da doguwar sanda yana kakkaɓe rassa, garken na biye da shi. Nan take na tuna da makiyayanmu na Zango da Baure da rani, suna zunguro 'ya'yan gawo tumaki na tsincewa.

Har doka suka yi wa abin. Tun 2014, kafin a saka wa nama sunan bellota, dole dabbar ta yi aƙalla kwana 60 a wannan kiwo, ta ƙara nauyin kilo 46, kuma kusan hekta guda ake ware wa kowane alade, wani wurin ma fiye. Itatuwan gonarka su ke yanke yawan garkenka. Wannan ya burge ni ƙwarai, don na san yadda makiyaya ke zama idan dabbobi suka fi ƙarfinta. Cinyar aladen kuwa a kwaɓe ta da gishiri, a rataye a garuruwa irin su Jabugo, ta shekara uku ko fiye kafin ta shiga kasuwa.

Fili ɗaya ne, amma tumaki da shanu ma suna cin rabonsu. Wani nau'in itacen kuma ɓawonsa ake salewa duk bayan shekara tara, a yi marfin kwalabe da shi, ya sake tofo wani. Wani mai gona da ya zagaya da ni ya nuna mini tsofaffin itatuwan da wata cutar saiwa ke busarwa, fuskarsa duk damuwa. Ya kewaye kowane sabon tsiro da ragar waya don kada dabbobi su cinye, ko da yake sai itacen ya kai wajen shekara 25 kafin a fara sale shi.