Aci-bal-bal a Kan Faranti

Mu da muka tashi a gindin hasumiyar Gobarau, cikin birnin Katsina, mun san Indiya tun ba mu san inda take a taswira ba. A fim muka san ta. Duk wanda ya kalli Jai Santoshi Maa na 1975 ya ga mata riƙe da faranti, 'yar fitila tana ci a kai, suna juya shi a gaban gunki. Mu dai ado muka ɗauke shi, kamar rawa da waƙa.

Ran da yayanmu ya dawo hutu daga Zariya, sai muka ce mu ma tarbar Indiya za mu yi masa. Muka ɗauko aci-bal-bal ɗin kakarmu, muka kunna, muka ɗora a kan faranti. Autarmu ta shiga juya shi a gaban fuskarsa, muna ta kyalkyala dariya. Sai ga kaka a bakin ƙofa. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mana sauƙi. Cewa ta yi, "Ku 'yan nan, wa kuke bauta wa?" Muka ce wasa ne. Ta ce, "Wasan su wa?" Muka yi tsuru-tsuru.

Da aka koma makaranta muka kai maganar gun malaminmu na lissafi, wani Ba'indiye mabiyin addinin Hindu. Ya ce sunan abin arati, kuma ibada ce. Lagwanin auduga ne ake jiƙawa da man shanu, ko a kunna kafur, wanda yake ƙonewa ba ya barin toka. A juya wutar ta hannun dama a gaban abin bauta, ana kaɗa ƙararrawa. Sannan a zaga da farantin cikin jama'a, kowa ya kara tafin hannunsa a kan wutar, ya shafa a fuska da ka. A birnin Baranasi kullum da almuru ake yi a bakin kogin Ganga.

Muka ce, to na tarbar mutum fa? Ya ce shi ma akwai, amma addu'a ce uwa ko 'yar'uwa take yi wa nata. Ya ce mahaifiyarsa ta yi masa a ƙofar gida safiyar da zai taho Nijeriya, kuma bai sake ganinta ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Mu kuwa muka tuna da dariyarmu, ba wanda ya iya kallon wani.