Kwana goma da 'yan tseren keke a Beljiyam

Aikin bincike ne ya kai ni birnin Gent na ƙasar Beljiyam a lokacin zafinsu, tsadar masauki kuma ta kora ni Oudenaarde, wani ƙaramin gari mai nisan kimanin kilomita 30 a kudu, a gaɓar kogin Schelde. A gidan da na kama ɗaki na tarar da samari shida, daga Ostireliya da Ingila da Amurka. Babu ɗalibi a cikinsu, babu ma'aikaci. Kowannensu ya yi watanni yana aikin ƙarfi a ƙasarsa, ya tara guziri, ya zo ya yi tseren keke ba tare da albashin kowa ba.

Mai karatu zai ce me ya yi zafi? Yankin Flandas shi ne cibiyar wannan wasa. Tun 1913 suke gudanar da babbar gasarsu, Ronde van Vlaanderen, wadda tun 2012 ake kammala ta a Oudenaarde. Amma abin da ke jawo baƙin samari shi ne tseren ƙauye da ke tafiya tare da bikin gari, wanda suke kira kermis. Kusan kullum ana yi a wani wuri. Mutum ya shiga mashayar ƙauyen, ya nuna lasisinsa, ya biya 'yan yuro kaɗan, a ba shi lamba. Sai a yi ta zagaye hanya mai 'yan kilomitoci har a haura kilomita 100. Wanda aka bar shi a baya da nisa, alƙalai su cire shi.

Rayuwarsu a gidan ba ta da ƙawa. Mutum uku a ɗaki guda, kekuna kuwa a falo, domin keke ɗaya ya fi duk abin da mai shi ya mallaka tsada. Abinci taliya da shinkafa, gobe ma haka. Da safe su bi gefen kogi su yi atisaye na awa uku ko huɗu, su dawo su wanke sarƙa da taya kafin su wanke jikinsu, sannan su miƙe ƙafa a bango kamar marasa lafiya. Lissafi biyu ba ya barin bakinsu: abin da ya rage a aljihu, da abin da ya rage na kwana 90 da aka yarda baƙo ya zauna.

Tsautsayi kuwa abokin zama ne. Ɗaya ya dawo da gwiwa a goge saboda tayarsa ta faɗa layin dogon taragon cikin gari a Gent. Wani ya afka tsagin da ke tsakiyar hanyoyin ƙauye na kankare, wanda faɗinsa ya yi daidai da siririyar taya. Ba'amurken cikinsu ya fita ba guziri, wayarsa ta mutu, ya ɓata a tsakanin gonakin da suka yi kama da juna, yunwa ta kwance masa gwiwa, har sai da wata tsohuwa ta ba shi burodi ta nuna masa hanya. Da dare suka yi ta yi masa dariya, shi ma yana taya su.

Ni ma ban tsira ba. Na yi kurin cewa a kan keke na yi sakandare, sai suka ce, “To, Dokta, gobe sai Koppenberg.” Tudu ne da tsawonsa bai wuce mita 600 ba, an shimfiɗe shi da duwatsu masu santsi, a wani wurin tsayuwarsa ta kai kashi 20 cikin 100. Suka ara mini keke da takalmin da ke maƙalewa a feda. Ban kai rabi ba keken ya tsaya cik, ƙafa ta ƙi fita, na kife a gefe ɗaya a hankali, kamar buhun da aka jingine ba daidai ba. Gani ya kori ji.

Ranar da na raka su tsere, huɗu suka shiga, ɗaya kaɗai ya kai ƙarshe. Na tambayi wanda aka fara cirewa ko yana sa ran zama ƙwararre. Ya ce, “Da wuya, Dokta. Amma a makon jiya zagaye uku na yi, yau na yi bakwai. Jibi akwai wani tseren.”

Wannan “jibi” ita ce ta tsaya mini a rai. Arzikin Flandas a wannan fage ba gwanayenta ba ne kaɗai. Wuri ne da yaro zai faɗi yau da araha, ya sake gwadawa jibi. Biniam Girmay, wanda ya lashe Gent-Wevelgem a 2022 yana ɗan shekara 21, ya kuma ɗauki koriyar riga a Tour de France ta 2024, daga Eritiriya ya fito, ƙasar da tseren keke ya daɗe da zama wasan titi a Asmara. Mu kuwa, a gasar Olamfik ta Faris a 2024, sai da tawagar Jamus ta ara wa 'yar wasanmu Ese Ukpeseraye keke kafin ta shiga tseren cikin fili.

Ƙafafu ba su ƙare mana ba. Duk wanda ya ga yaron da ke tuƙo jarkokin ruwa ko buhun masara a kan keke daga ƙauye ya san haka. Abin da babu shi ne ƙaramin fagen gwaji. Hanyar da ta zagaye harabar jami'a, da safiyar Asabar, da alƙali mai agogo, da hular kwano, sun isa a fara. Mu malamai da ɗalibai ba sai mun jira kowa ba.

Na bar gidan da asuba. A falo, wanda aka cire shekaranjiya yana durƙushe yana yi wa taya faci, lambar tseren ranar kuwa sai ya je mashaya zai karɓa.