Abin Da Muka Gani A Tekun Arewa

Jama'a, ga labarin tafiyar da muka yi zuwa tsibirin Helgolan, a cikin Tekun Arewa, watau tekun nan da ke tsakanin Ingila da Holan da Jamus da Danmak da Norwe. Mun tashi daga Hambug, muka bi gefen kogin Elbe har Kukshafen inda kogin ya faɗa teku. Daga nan muka shiga jirgin ruwa, tafiyar wajen mil 40.

Tsibirin ɗan ƙarami ne, mutum ya iya zaga shi da ƙafa kafin hantsi ya dubi ludayi. Jan dutse ne tsaye cikin ruwa, kan dutsen kuwa duk ramuka. Sanadin ramukan yaƙi ne. Jiragen sama sun yi masa ruwan bama-bamai a 1945, sa'an nan ran 18 ga Afrilu 1947 sojan Ingila suka tara nakiya tan 6,700 suka tashe ta gaba ɗaya, don su rushe ma'ajiyan makaman Jamus. Sai a 1952 aka mayar wa mutanen garin da tsibirinsu.

To, wanda ke ƙarƙashin ruwa ya fi wannan muni. Da yaƙi ya ƙare aka rasa yadda za a yi da ragowar harsasai da bama-bamai, sai aka riƙa loda su a jirage ana tuttulewa a teku. An ƙiyasta akwai wajen tan miliyan 1.6 kwance a ruwan Jamus kaɗai, galibi a wannan teku, saura a Tekun Baltik. Ƙarfen yana ta tsatsa, dafin da ke ciki yana tsiyaya, masana kuwa sun sami alamarsa a jikin kifi. Sai a 2024 aka fara gwajin tsamo su, can wajen Lubek.

Ba soja kaɗai ba. Shekara da shekaru masana'antun farin fenti suna aiko jirage su zubar da ruwan guba kusa da tsibirin nan, har masunta suka riƙa kamo kifi mai ƙurji da ƙari. Suka yi ta ƙara, ba a daina ba sai a 1989.

Abin da ya fi ba mu tausayi tsuntsaye ne. Akwai wani farin tsuntsu mai girman dinya wanda ya fara sheƙa a bakin dutsen tun 1991. Da ciyawar teku ya kamata ya yi sheƙarsa, amma da muka leƙa sai muka ga kusan kowace sheƙa da zaren roba, ja da shuɗi, wanda ke tsinkewa daga tarun masunta. Zaren ba ya ruɓewa. In ya naɗe wuyan tsuntsu ko ƙafarsa, shi ke nan. Mun ga waɗansu suna reto a jikin dutse, sun bushe.

Amma fa ba duka aka taru aka lalace ba. A ɗan tsibirin yashi da ke daura da Helgolan mun tarad da dabbar nan da Jamusawa ke kira karen teku, suna kwance birjik suna shan hantsi. Da can mafarauta sun kusa ƙarad da su, yanzu kuwa sun sake yawaita. Haka kuma kifin shawa: ya yi ƙaranci har aka hana kamunsa a 1977, da aka bar shi 'yan shekaru sai ya dawo.

'Yan kasuwarmu masu sayar da kifin ƙanƙara, ku lura. Wani sashi na shawar da ake saukewa cikin kwali a tashoshin Afirka ta Yamma daga wannan ruwa ake kamo ta. Tekun ma ba shi da zurfi sosai, ga manyan koguna irin su Rain da Elbe suna kawo masa dattin birane da takin gonaki. Abin da aka zuba masa shekara 80 da suka wuce yana nan har yau, jikokin waɗanda suka zuba ne ke biyan kuɗin kwashewa.