Tsakanin Linta da Silin

Litinin, Manchesta

Gidan wata Hajiya a Burnage, irin tagwayen gidajen nan na shekarun 1930, gareji a gefe. Tun a waya ta ba ni awon ƙofar garejin: ƙafa 7 faɗi, ƙafa 7 tsayi. Ƙofa mai naɗewa take so, mai rimot, don ciwon kafaɗa ya hana ta ɗaga tsohuwar. Awonta daidai ne, sai dai bakin ƙofa kawai ta auna, kamar yadda kowa ke yi. Ni abin da ya kawo ni yana sama, daga ƙasan linta zuwa abu na farko da zai tare hanya.

Ɗan yayata ya riƙe tsani, na hau. Milimita 240 zuwa katakon rufi. Ƙofa mai fallaye masu kauri, na milimita 77, akwatin naɗinta yana cin 300. Mai sirara, na 55, yana cin kamar 205. Na ce, "Hajiya, ƙaramar ce za ta shiga, kuma sai an matsar da wannan doguwar fitilar." Ta ce indai za ta buɗe daga cikin mota, ta yarda.

Talata

Ruwan sama tun asuba. Na zauna da takardun oda. Lokacin da nake walda a Kano, in get ya ƙi zama, sai a kawo injin yanka a rage, ko magini ya ɗan fasa gefe, kafin la'asar an gama. A nan masana'anta ke yanka ƙofa daidai da lambar da ka rubuta, kuma abin da aka yi maka a kan awo ba a mayar da shi. Shi ya sa nake auna hagu, tsakiya da dama, in ɗauki mafi ƙanƙanta. Tsohon daɓe yakan karkace, linta takan ɗan yi ciki.

Laraba, Bamingam

Mun bi babbar hanyar M6, muka kauce wa tsakiyar gari, domin tun Yunin 2021 tsohuwar motar dizal irin tawa fam 8 take biya a rana in ta shiga yankin tsaftar iska.

Wani Alhaji ne a Hall Green, mai doguwar motar haya. Saman ƙofarsa milimita 130 kacal. Ana iya sauko da akwatin naɗi ƙarƙashin linta, amma abin da akwatin ya ci, a tsayin mashiga ya ci. Muka auna motar har da ƙarfen ɗaura kaya na samanta, muka ga ba za ta wuce ba.

Ya ce, "Malam, ba za a ɗan sassaƙe lintar ba?"

Na ce, "Alhaji, bangon ɗakin yaranka a kanta yake zaune. Taɓa ta sai da injiniya da amincewar hukumar kula da gine-gine."

Raina yana ɓaci in na tuna akwai masu amsa masa da to. Na nuna masa ƙofa mai gaɓa-gaɓa irin ta Hörmann, wadda ke hawa layin ƙarfe ta kwanta a ƙarƙashin silin. Da layin da aka ƙera don matsattsen wuri, ɗan abin da ya haura milimita 100 ya ishe ta. Amma tana son fili zuwa ciki, kusan tsayin ƙofar da ɗoriya, da wajen milimita 90 a kowane gefe. Can muka tarar da bututun gas ya gitta, ga katifu da akwatuna an rataye. Kayan za su sauka, bututun kuma sai mai lasisin Gas Safe.

Alhamis

Erdington, a Bamingam, garejin fallayen kankare mai rufin siminti mai kunya-kunya. Ɗan yayata ya ɗauko injin huda, na riƙe hannunsa. Sai 1999 Birtaniya ta haramta asbestos gaba ɗaya, wannan rufi kuwa ya girmi haka nesa ba kusa ba, don haka yana iya ƙunsar asbestos ɗin, bai kamata a huda shi ba.

"Kawu, to ina za mu kafa?"

Babu inda za mu kafa a sama. Ƙofar ɗagawa mai falle ɗaya ta Garador, wadda firam ɗinta ke ɗauke da komai, ita na rubuta.

Juma'a, Manchesta

Bayan masallaci na tura odar Hajiya da ta Erdington. Ta Alhaji na riƙe, sai mai gas ya matsar da bututun na koma na sake aunawa.